Katin Girafik da Ya Kusa Ƙona Shago: Nazarin Makonni Goma a Wani Ƙauyen Ringim

Asalin lamarin

Shagon yana bakin tasha a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Mai shi matashi ne da bai cika talatin ba. Da cajin waya ya fara, ya ƙara turin fina-finai da waƙoƙi, sannan hoton fasfo da fotokwafi. Daga baya ya sayi kyamara ya shiga ɗaukar biki: kamu, ɗaurin aure, kai amarya, wani lokaci saukar Alƙur'ani. Nan ne kuɗin yake, nan ne kuma wahalar.

Kwamfutarsa tsohuwar ta ofis ce, gwanjon Turai, irin doguwar nan mai tsayuwa. Firosesa Core i5-3470, RAM GB 8, faifan ajiya ɗaya. Akwatin da ke raba wuta a cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, mai wat 275 ne. Ba ta da katin girafik na daban, wato katin da ake ƙara wa kwamfuta don sarrafa hoto da bidiyo, firosesar ce ke ɗaukar nauyin hoto. Bidiyon biki na awa ɗaya kan ci fiye da awa biyu kafin ya fita, abin da masu sana'ar ke kira rendarin. Duk tsawon lokacin janareta na kunne, shi kuwa fetur tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ya zama abin lissafi da cokali. Ga Sha'aban ya ƙarato, watan da kowa ke son a ɗaura kafin azumi.

Makon farko na Fabrairu 2024: katin ya iso

Don rendarin ya yi sauri, ya shiga Kano ta hanyar Gezawa ya sayo katin girafik RX 580 mai GB 8, na hannu. Kati ne na kamfanin AMD da ya fito a 2017. Irinsa sun cika kasuwa da araha tun bayan Satumban 2022, lokacin da Ethereum, wani nau'in kuɗin kirifto, ta daina amfani da haƙar kuɗin, wato mainin, da ake yi da katunan girafik, masu haƙar suka zubar da kayansu. AMD ta ƙiyasta cinsa a wat 185, ta kuma ba da shawarar fawa-fak mai wat 500. Mai shagon da ya sayar bai tambayi irin fawa-fak ɗin da ke gida ba, mai saye ma bai san akwai tambayar ba.

Ya soka katin a dogon ramin madabod, babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ya ɗaure noti, ya kunna. Hoto ya fito kamar kullum, domin kebur ɗin monita yana nan a jikin madabod inda yake tun da. Manhajar editin dai ba ta ga wani sabon kati ba. Da ya mayar da kebur ɗin bayan katin, sai allo ya yi baƙi ƙirin. A lokacin ne ya lura da wani ɗan soket mai rami takwas a gefen katin, babu komai a cikinsa.

Ramin madabod, wato PCIe, wat 75 ne iyakar abin da yake bayarwa. Katin da cinsa bai wuce haka ba, kamar GTX 1050 Ti, yawanci ba ya neman ƙari. Wanda ya wuce kuwa dole a ja masa wuta kai-tsaye daga fawa-fak: filogi mai rami shida yana ƙara wat 75, mai rami takwas yana ƙara wat 150. Fawa-fak ɗin ofis ba a yi shi don wannan ba. Abin da ke jikinsa shi ne babban filogin madabod mai rami 24, ƙaramin na firosesa mai rami huɗu, da 'yan faffaɗan filogin SATA na faifai. Shi ke nan.

Ya zare na firosesa ya gwada a katin, ya ƙi shiga. Har ya ɗauko reza zai fere robar, maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya riƙe hannunsa. "Ƙanena, abin da ya ƙi shiga da lalama ba wurinsa ba ne." Dattijon bai san PCIe ba, amma ya yi daidai. A filogin firosesa da na katin girafik, layin wayoyi masu ruwan ɗorawa, masu ɗauke da bolt 12, da layin baƙaƙe sun saɓa wa juna. Shi ya sa aka bambanta siffar ramukan, wasu murabba'i, wasu masu yankakkiyar kusurwa. Da rezar ta yi aikinta, da labarin ya ƙare tun a wannan mako.

Mako na biyu: adafta

Ya kira wanda ya sayar masa, aka ce ai akwai adafta. Wani direban motar Kano ya taho masa da guda biyu, kowacce kuɗinta bai wuce na litar fetur biyu ba. Gefe ɗaya ana soka mata filogin SATA guda, ɗaya gefen mai rami takwas ne. Ya jona, ya kunna, hoto ya fito ta katin, fankokinsa suka juya. Ya saka direban katin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, manhajar editin ta gan shi.

Kwana biyu aka yi lafiya, saboda aikin turi da buga takardu ne kawai, kati ba ya jan komai a irin wannan. Rana ta uku ya ɗora rendarin bikin farko. Minti biyar da farawa kwamfuta ta mutu ɗif, ba gargaɗi, ba shuɗin allo. Ya danna makunni ta ƙi tashi, sai da ya zare ta daga bango ya jira kaɗan ya mayar. Cikin kwana huɗu ya gwada sau bakwai. Ba wanda ya kai minti goma.

Tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshensa: janareta, zafi, sannan katin

A ƙauye idan na'ura ta ɗauke, janareta ake fara tuhuma, kuma sau tari da gaskiyar mutane. Nasa mai kVA 2.5 ne, ya kwana biyu. Aka wanke kafireto, aka canza fulogi, aka juye baƙin mai. Ba canji. Ya sayi sitabilaiza. Ba canji. Akwai wani dare da aka kawo wutar NEPA mai ƙarfi, ya yi maza ya ɗora aikin, minti shida ta sake mutuwa. Wannan shaida ce babba da ta wanke janareta, amma ya ce ai wutar NEPA ma ba ta da tabbas, ya wuce ta.

Sai aka koma kan zafi. Hunturu bai gama tafiya ba, ƙura ta yi kauri a kan fankoki. Ya buɗe murfin gefe, ya hure ƙurar, ya kafa fankar tebur tana kaɗa cikin, ya sa aka sake wa katin man da ake shafawa tsakanin guntunsa da ƙarfen sanyaya. Zafin katin a lokacin aiki ya sauko daga digiri 84 zuwa 74. Aikin kirki ne, sai dai ba shi ne ciwon ba. Ta ci gaba da mutuwa a daidai inda ta saba.

Daga nan abokai a majalisa suka ce katin ne, 'yan mainin sun tsotse shi. Ya naɗe shi a tawul ya koma Kano a fusace. A gabansa aka ɗora shi a wata kwamfuta, aka matsa masa aiki rabin awa, ko gezau. Mai shagon ya ce, "Oga, kayanmu lafiya lau. Fawa-fak ɗinka ne ya yi ƙanƙanta, nemi babba."

Makon farko na Maris: fawa-fak mai "650W"

A ranar ya saya, a wani shago daban, sabo fil a kwali, an rubuta 650W da manyan haruffa. Araharsa ta ja shi. Ya ce da ya ɗaga shi ya ji sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, amma ya ɗauka ci gaban zamani ne. An yi sa'a ɗaya: madabod ɗinsa na amfani da filogi mai rami 24 na gama-gari. Wasu kwamfutocin ofis filoginsu na kamfani ne, mai rami shida ko takwas, fawa-fak ɗin kasuwa ba ya shiga sai da wata dabarar.

Sabon ma ba shi da kebur ɗin katin girafik ko ɗaya. Ya mayar da adaftar SATA, a kan kebur ɗin da faifan ajiya ke shan wuta.

Rendarin ya tafi har ƙarshe. Bidiyon awa ɗaya ya fita cikin kimanin minti 25. A mako guda ya sallami bukukuwa uku. Wani lokaci allo kan ƙifta, ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo, sau ɗaya kuma manhajar ta rufe kanta. Bai damu ba, tunda ba ta mutuwa.

Ranar Lahadi 10 ga Maris, jajiberin azumi, ranar kasuwar Gujungu, tasha cike da mutane, ya ɗora biki na huɗu ya fita ɗaukar hoton fasfo a waje. Yaron shagonsa ne ya ji warin roba. Da ya leƙa ta murfin da ke buɗe, hayaƙi siriri na tashi daga mahaɗar adaftar. Ya fizge filogin bango. Robar SATA ta narke ta manne da ta adaftar, wayoyi biyu sun yi baƙi, wutar ta lashi gefen filogin faifan ajiya, wanda ke ɗauke da ɗanyen hoton bukukuwa biyu da ba a kwafe ko'ina ba. Ƙafa ɗaya a cikin soket ɗin katin ta sauya launi.

Da yamma kawun amarya ya zo karɓar aiki. "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri zuwa bayan sallah, na'ura ce ta samu matsala." Alhajin ya ce, "Yaro, in dai hoton bai salwanta ba, ba komai. In ya salwanta kuwa, kai za ka je ka gaya wa uwarta da bakinka."

Mako na biyu na azumi: awo

Kwamfuta ta yi kwana goma a rufe da zani. Sai wani abokin yayansa, wanda ya yi karatu a makarantar Informatics ta Kazaure yake kuma gyaran kwamfuta a Dutse, ya zo gida. Bayan tarawi ya shigo shagon da mitar auna wuta da tocila.

Faifan ya fara cirewa, ya jona a tasa kwamfutar ta hannu, ya kwashe bukukuwan biyu. Sun fita lafiya. Sannan ya kwance fawa-fak ɗin ya juya shi, ya haska 'yar takardar da ke gefe, inda ƙananan lambobi suke. A ƙarƙashin +12V an rubuta 18A.

"Ka ga wannan? Shi ne fawa-fak ɗin. Wancan 650 ɗin na kwali ne."

Lissafin da ya yi masa a bayan takardar fotokwafi ba shi da wuya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Bolt 12 sau 18 ya ba da wat 216. Katin girafik da firosesa duka daga layin bolt 12 suke sha, haka fankoki da injin faifai. Kati 185, firosesa 77, sauran tarkace a ce 30: kusan wat 290, wato amfiya 24. An nemi 24 a wurin mai 18, in ma 18 ɗin gaskiya ce. Ragowar lambar kwalin an tattaro ta ne daga layukan bolt 5 da 3.3, waɗanda kati ba ya amfana da su a wannan soket, kuma ko an haɗa duka ba su kai 650 ba.

Sai adaftar. Filogin SATA yana da 'yan ƙafafu 15, uku kacal ne na bolt 12, kowacce amfiya 1.5. Jimla 4.5, wato wat 54. Katin kuwa, ko da ramin madabod ya ba shi 75 ɗinsa cif, yana neman aƙalla wat 110 ta kebur, sama da amfiya 9. Ninki biyu ke nan na abin da aka ƙera filogin ya ɗauka, ta ƙafafun da ba su fi bakin allura kauri ba.

Bai tsaya a takarda ba. Ya sa adafta ta biyun da ta rage, ya mayar da faifan biki kan wani kebur daban, ya ɗora aiki na minti biyu kawai yana tsaye da mita. Kwamfuta na hutawa, layin ya nuna bolt 12.1. Da aiki ya hau, a bakin katin ya faɗi zuwa 10.9. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera irin waɗannan fawa-fak a kanta, ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato 11.4 zuwa 12.6. Mahaɗar SATA kuwa har ta ɗumama a yatsa. Ya auna janareta a lokacin: tsakanin 222 da 229, inda ake neman 230.

Makon ƙarshe na Maris: gyara

Injiniyan bai ambaci sunan kamfani ba, sharuɗɗa ya rubuta masa ya tafi da su Kano. Layin +12V kada ya gaza amfiya 40. Ya zama akwai kebur ɗin kati da ya fito daga cikin fawa-fak ɗin kansa, mai kai 6+2, an rubuta PCI-E a jikinsa. Ya ɗaga ya ji nauyi. Kuma a buɗe kwali a gabansa ya karanta takardar gefe da idonsa kafin ya biya. Ya dawo da na hannu mai wat 550, +12V ɗinsa 45A, wato wat 540, kusan duk ƙarfinsa a layin da ake bukata.

Tare suka ɗaura. Aka zare wuta daga bango, aka danna makunni na 'yan daƙiƙu don ragowar caji ta fita. Aka goge ƙafar soket ɗin da ta yi duhu da sifirit har ƙarfen ya fito, aka duba robar ba ta narke ba. Fawa-fak ɗin na da filogi biyu masu kama da juna, injiniyan ya ɗora su a tafin hannunsa: mai rabewa 4+4 na firosesa ne, an rubuta CPU, mai rabewa 6+2 na kati ne. Rabin na farkon ya shiga madabod. Na biyun kuwa sai an fara haɗa ɗan guntun mai rami biyu da mai shida sun zama ɗaya, sannan a tura su tare, domin in aka soka shidan aka bar biyun a reto, katin kan ƙi tashi. Aka tura har maƙallin ya ce ƙas, aka ja baya kaɗan a ga ko zai fito. Filogin da bai zauna sosai ba yana zafi ko da fawa-fak na kirki ne. Ko manyan katunan RTX 4090 da aka yi ta jin filoginsu na narkewa a ƙarshen 2022, binciken kamfaninsu, Nvidia, ya danganta yawancin abin da rashin tura filogin har ƙarshe.

Faifan ajiya ya samu kebur ɗinsa shi kaɗai. Kebur ɗin monita ya koma bayan katin. A manhajar AMD suka rage iyakar wutar katin da kashi 15 cikin ɗari, saboda bazara ta shigo kuma rufin kwano ne.

Awo a ƙarƙashin aiki: bolt 11.9, bai motsa ba tsawon awa guda. Filogin bai ɗumama ba. Zafin kati digiri 72. Bidiyon awa ɗaya ya fita cikin minti 27.

Bayan sallah, Afrilu

An yi sallah ranar 10 ga Afrilu. Kwana uku bayanta Alhaji ya karɓi aikinsa. Zuwa tsakiyar watan an fitar da bukukuwa shida, a ranakun da zafin gari ke haura digiri 40. Sau ɗaya kwamfuta ta ɗauke: yaron shago ya kunna injin fotokwafi ana tsakiyar rendarin, injin ya ja wuta don ɗumama kansa, janareta ya yi nishi, fitilu suka dusashe. Tun daga ranar aka kafa doka, in ana rendarin mai fotokwafi ya jira. Bai sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ba har yanzu.

Abin da ya faru a zahiri

Ciwo biyu ne aka ɗauka ɗaya: wutar ba ta isa ba, hanyar da take bi kuma ta yi ƙanƙanta. Mai sayar da katin ya faɗi na farko ya bar na biyu, shi kuma ya ji "babba" ya nemi babbar lamba.

A ganina tsohon fawa-fak ɗin ofis, wanda aka fi zagi a duk labarin, shi ne ya fi kowa yin aikinsa. Mutuwar nan ta ɗif, da ƙin tashi sai an zare daga bango, alamar kariyarsa ce: ya ga an ja fiye da ƙarfinsa ya yanke. Yankewar ce ta hana adaftar samun lokacin narkewa a Fabrairu. Na "650W" bai yanke ba, ya bar bolt ya zube ya ci gaba da turawa, aka ɗauki shirunsa a matsayin lafiya. Ƙiftawar allon da aka raina ita ce kaɗai gargaɗin da ya bayar.

Zargin janareta ba wauta ba ne, abin da ya faru da injin fotokwafi ya nuna yana da nasa. Kuskuren shi ne ƙin karɓar shaidar daren da aka kawo NEPA. Mutuwar da ke zuwa a minti biyar zuwa goma na aiki mai nauyi, ba ta taɓa zuwa ana buga takarda ba, ba ruwanta da inda wutar ta fito, tana nuna cikin akwatin ne. Kuɗin sitabilaiza, gyaran janareta, fawa-fak na kwali, adafta biyu da motar Kano sau biyu sun haura kuɗin fawa-fak ɗin da ya magance matsalar. Akwai kuma hanyar da ba a duba ba tun farko: kati mai wat 75 da ba ya neman kebur, wanda da wataƙila ya zauna da fawa-fak ɗin ofis ɗin ba tare da an canza komai ba, ko da bai kai RX 580 gudu ba.

Ƙafar soket ɗin da ta taɓa yin duhu ita ce abin sa ido. Injiniyan ya ce a taɓa filogin da yatsa bayan kowane dogon aiki, in ya fara ɗumi a kira shi. Sitabilaiza ta koma kan firjin lemo na ƙanwarsa. Fawa-fak mai "650W" kuwa yana teburin mai gyaran rediyo, yana gwada rediyon mota da shi.